Darasi na Sha Huɗu: Gyaran Launukan Manhajar Rubutu da Tsare Gyaran daga Sabuntawa

Maƙasudin darasi

In Allah ya kai mu ƙarshen wannan darasi, ana fatan kowane ɗalibi zai iya:

1. bayyana abin da ake nufi da tsarin launi, da karanta lambar launi kamar yadda kwamfuta take rubuta ta;
2. rarrabe wurin da manhaja take zaune daga wurin da ake ajiye saitin mai aiki da ita;
3. gyara launukan Notepad++ da na Visual Studio Code ta hanyar da sabuntawa ba za ta shafe ba;
4. ajiye kwafin gyaransa a filash, domin ranar da kwamfuta ta lalace ko ya koma aiki a wata.

Fasali na ɗaya: Fa'idar launi a rubutu

Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda alarammomin Adar da Gobir da Sakkwato suke rubutawa da ka, ya ga cewa marubucin bai wadatu da tawada guda ba, gama baƙaƙe yakan rubuta su da baƙar tawada, wasula ya sa su da ja, hamza ya ɗiga mata rawaya, alifin wasali kuwa ya ɗiga masa tsanwa. Kuma ko da yake wannan aiki yana ƙawata shafi, asalin hikimarsa ita ce idon mai karatu ya gane matsayin kowace alama tun kafin harshensa ya iso gare ta. Masu ƙera manhajojin rubutu sun bi wannan tafarki, ko sun sani ko ba su sani ba.

> Manhajar rubutu: manhajar da ake rubuta zallar haruffa da lambobi a cikinta, ba tare da adon shafi irin na Word ba. Da ita ake rubuta jerin sunaye, da lissafi mai sauƙi, da shafukan intanet, da umarnin kwamfuta. Misalanta su ne Notepad++, da Visual Studio Code, da Sublime Text, da Vim.

> Tsarin launi: ƙaramin fayil da ke gaya wa manhaja launin da za ta ba shimfiɗar shafi, da launin haruffa, da na lambobi, da na bayanin gefe, watau tsokacin da mai rubuta umarnin kwamfuta yake bari domin mai karatu, da girman harafi.

Wajibi ne ɗalibi ya riƙe wata mas'ala tun yanzu, watau cewa launin ba ya cikin rubutun kansa. Idan magatakarda a Illela ya rubuta jerin sunaye a kan shimfiɗa baƙa, ya aika wa abokin aikinsa a Badagishiri, shi abokin aikin zai gan shi da launin da tasa manhajar take ɗauke da shi, alhali harafi ko ɗaya bai sauya ba. Saboda haka wanda ya gyara launi, idonsa kaɗai ya yi wa aiki, kuma babu wata ɓarna da zai jawo wa takardun ofis ko na ƙungiya.

Kowace manhaja takan zo da tsare-tsare da dama waɗanda aka riga aka shirya. Biyu daga cikinsu sun shahara ƙwarai: Monokai, wanda Wimer Hazenberg ya tsara a 2006, mai shimfiɗa mai duhu da haruffa masu haske, da Solarized, wanda Ethan Schoonover ya fitar a 2011, mai fuska biyu, ta duhu da ta haske. Dukansu aikin gwanaye ne. Sai dai wanda yake aiki a shagon buga takardu a bakin babbar hanya cikin Birnin Konni, ƙofa a buɗe, hasken azahar yana dukan gilashin kwamfuta, ƙurar hunturu ta kwanta a kansa, shekaru kuma sun fara rage masa gani, lalle buƙatarsa ta bambanta da ta mai zama a ɗaki mai labule, kuma yana da haƙƙin ya gyara abin har ya dace da idonsa.

Fasali na biyu: Yadda kwamfuta take rubuta launi

Kwamfuta ba ta san “ruwan goro” ko “ruwan toka” ba. Kowane launi takan haɗa shi ne daga haske uku, ja da kore da shuɗi, kowanne da gwargwadonsa, daga 0, watau babu shi sam, har zuwa 255, watau ya kai maƙura. Tun da kowane haske yana da matakai 256, jimillar launukan da ake iya haɗawa ita ce 256 sau 256 sau 256, watau 16,777,216.

> Lambar launi: alamomi shida a jere, biyun farko na ja, biyun tsakiya na kore, biyun ƙarshe na shuɗi. Ana amfani da 0 zuwa 9, sa'an nan A zuwa F, inda A take tsaye a matsayin 10, B 11, C 12, D 13, E 14, F 15.

Ƙa'idar lissafin ita ce a ninka alamar farko sau 16, a ƙara ta biyu a kai. FF ya zama 15 sau 16, a ƙara 15, an sami 255. Haka 75 ya zama 7 sau 16, a ƙara 5, an sami 117. Bisa ga wannan, 000000 baƙi ne ƙirin, FFFFFF fari ne fat, FF0000 ja ne wur, 0000FF shuɗi ne. In kuwa gida ukun suka zo daidai da juna, kamar 808080, to ruwan toka ke nan. Ba a neman ɗalibi ya haddace lambobi. Abin da ake nema shi ne in ya ga lamba ya iya cewa wannan mai duhu ne ko mai haske, kuma ya karkata ga ja ne ko ga shuɗi.

> Tazarar haske: bambancin haske tsakanin harafi da shimfiɗar da yake kai. Mafi girmanta 21 ga 1, watau baƙi a kan fari. Mafi ƙanƙantarta 1 ga 1, watau harafi da shimfiɗa launinsu ɗaya, ba a ganin komai.

Ƙungiyar W3C, mai shimfiɗa ƙa'idojin shafukan intanet, ta yi hukunci cewa rubutu na yau da kullum kada tazararsa ta gaza 4.5 ga 1. To, in aka auna mashahuran tsare-tsaren nan biyu da wannan ma'auni, sai a tarar da abin mamaki: a asalin Monokai bayanin gefe yana da launi 75715E a kan shimfiɗa 272822, tazararsu kuwa wajen 3 ga 1 ce kacal, a Solarized mai haske kuma haruffa 657B83 ne a kan FDF6E3, tazararsu ta ɗan haura 4 ga 1, ba ta kai haddi ba. Mai tsarin Solarized ya yi haka da gangan, domin kada haske ya gajiyar da ido, amma abin da yake hutu ga saurayi mai kaifin gani yana iya zama azaba ga dattijo. In aka bar shimfiɗar Solarized ɗin nan, mai kama da tsohuwar takarda, aka mai da haruffan baƙaƙe 000000, tazarar takan haura 19 ga 1.

Tambihi guda biyu kafin mu wuce. Akwai mutanen da Allah ya halitta ba sa rarrabe ja da kore sosai, galibinsu maza, saboda haka in kwamfutar ta jama'a ce kada a dogara ga waɗannan launuka biyu kaɗai wajen bambanta abu da abu. Sa'an nan akwai masu cewa shimfiɗa baƙa tana tsimin batir, maganar da ba ta inganta sai ga gilashi irin na OLED, wanda yake kashe hasken duk inda baƙi yake. Galibin kwamfutocin hannu da ke kasuwanninmu fitilarsu a bayan gilashi take, tana ci ko shafin baƙi ne ko fari, kuma mai son batir ya kai shi har wuta ta dawo, rage ƙarfin hasken shi ne maganinsa.

Fasali na uku: Dalilin da gyara yake ɓacewa

Wannan fasali shi ne ginshiƙin darasin, kuma wanda ya fahimce shi zai iya aiki da kowace manhaja, ko da ba a ambace ta a littafin nan ba.

> Sabuntawa: sauya tsohuwar fitowar manhaja da sabuwa, domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shiga, da gyara kurakurai, da ƙara sababbin ayyuka.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa sabuntawa tana bin fayilolin manhaja ne tana yi musu kwaskwarima layi-layi. Alhali kuwa abin da yake aukuwa ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka tsanani: sabuwar fitowa takan zo da jerin fayilolinta cikakku, kowanne da sunansa da mazauninsa, ta ɗora su a kan tsofaffin, ba tare da ta duba ko wani ya taɓa sa hannu a cikinsu ba, don haka wanda ya buɗe fayil ɗin Monokai na asali ya sauya lambobi a ciki, ya yini yana gwaji har abin ya yi masa daidai, ya sani cewa ya yi gyaransa ne a cikin kayan da ba mallakarsa ba, kuma ranar da mai kayan ya aiko da sabo, babu wanda zai tambaye shi izini. Wannan ba zalunci ba ne daga masu manhaja, domin ba su da hanyar sanin abin da miliyoyin mutane suka sauya a kwamfutocinsu. Abin da suka yi shi ne, sun ware wa kowane mai aiki wurinsa.

> Foldar manhaja: inda jikin manhaja yake zaune. A Windows galibi tana cikin Program Files, wadda kwamfuta mai Faransanci take nuna ta da sunan Programmes. Duk abin da ke cikinta sabuntawa tana iya sauya shi.

> Foldar mai aiki: inda ake ajiye saitin mutum. A Windows tana cikin AppData, ƙarƙashin sunan mai aikin. Ɓoyayya ce, ana isa gare ta da danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta %AppData%, a danna Enter.

Daga nan sharuɗɗa biyu suka fito, kuma in aka cika su gyara ya tsira. Na farko, gyaran ya zauna a foldar mai aiki. Na biyu, in fayil ne cikakke, ya ɗauki sunan da babu shi a jerin sunayen masu manhaja, gama fayil ɗin da ba su san sunansa ba, ba su da wanda za su ɗora a kansa.

Hujjar wannan magana ta bayyana a fili a watan Yuni na 2022, lokacin da Bram Moolenaar ya fitar da Vim 9.0. Manhajar nan tana hannun jama'a tun 1991, mutane sun shekara da shekaru suna aiki da tsare-tsaren launinta, sai ga sabuwar fitowa ta zo da su an sake musu zubi, sunayen suna nan amma launukan sun ɗan sauya. Wanda ya ajiye nasa a foldarsa ta kansa, wadda a Windows ake kira vimfiles, bai ga wani sauyi ba. Haka kuma a 2023 kamfanin Microsoft ya sauya tsarin da Visual Studio Code take buɗewa da shi, ya kawo Dark Modern a madadin Dark+.

Akwai masu ganin mafita ita ce a ƙi sabuntawa ɗungurungum. Wannan ra'ayi mai rauni ne, domin kwamfutar da filash ɗin mutane ashirin ke shiga cikinta a yini, kamar yadda ake yi a shagunan buga takardu, ita ta fi kowace buƙatar a toshe mata kafofi. Bai kamata mutum ya sayar da amincin takardunsa saboda launin shafi ba.

Hanyoyin tsare gyara biyu ne, kuma ɗaliban ilimi sun san misalinsu. Mai son ya mallaki littafi yana iya kwafe shi gaba ɗaya da hannunsa, ya zama nasa. Yana kuma iya barin matani yadda yake, ya rubuta hashiya, irin wadda Shehu Adawi ya yi wa sharhin Risala, wadda ba ta maimaita littafin duka, sai dai ta ambaci gurbin da take magana a kai, ta faɗi abin da za ta faɗa, ta wuce. Hanya ta farko za mu gwada ta a Notepad++, ta biyu a Visual Studio Code.

Fasali na huɗu: Hanyar kwafi, a Notepad++

Notepad++ manhaja ce ta kyauta, Don Ho ya fara fitar da ita a 2003, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta.

*Misali na ɗaya.* A ɗauka magatakardan wata ƙungiyar manoman albasa ne a Galmi, cikin gundumar Malbaza, yana rubuta sunan kowane manomi da yawan buhunan da ya kawo da jika nawa aka ba shi. Farar shimfiɗa tana kashe masa ido da rana, haruffan kuma sun yi masa ƙanana. Yana son shimfiɗa mai launin tsohuwar takarda, da baƙin harafi, da girma 14. Ga yadda zai yi:

1. Ya rufe Notepad++. Ya danna Windows da R, ya rubuta %AppData%, ya shiga foldar Notepad++.
2. Ya nemi fayil mai suna stylers.xml, wanda shi ne tsarin da manhajar take buɗewa da shi, ya kwafe shi. In wani tsari yake so ya gina a kai, kamar Monokai, zai same shi a folda mai suna themes, ko dai a nan ko a foldar manhaja.
3. Ya shiga foldar themes da ke cikin AppData, in babu ita ya ƙirƙira ta da wannan suna, ya sauke kwafin a ciki.
4. Ya sauya wa kwafin suna zuwa Galmi-rana.xml. Ya fi kyau sunan ya zama babu fili a tsakiyarsa, babu harafi mai lanƙwasa.
5. Ya buɗe wannan kwafi da Notepad++, ya gangara kusa da ƙarshensa, ya nemi layi mai kama da wannan:

`<WidgetStyle name="Default Style" styleID="32" fgColor="000000" bgColor="FFFFFF" fontName="Courier New" fontStyle="0" fontSize="10" />`

A layin nan fgColor launin harafi ne, bgColor launin shimfiɗa, fontSize kuwa girman harafi. Sai ya mai da FFFFFF ya zama FDF6E3, ya mai da 10 ya zama 14, ya adana, ya rufe manhajar ya sake buɗe ta. A cikin Settings zai danna Style Configurator, in kuwa manhajar da Faransanci take, Paramètres ne sa'an nan Configurateur de coloration syntaxique. A saman akwatin da ya buɗe akwai jerin tsare-tsare, Galmi-rana yana cikinsu, sai ya zaɓe shi ya adana. Daga ranar nan duk gyaran da zai ƙara ta cikin wannan akwati, a kan nasa fayil zai sauka.

A kula da alamomin da suka kewaye lambobin. In aka goge alamar zance guda ɗaya, ko aka rubuta harafin O a gurbin sifiri, manhajar tana iya kasa karanta fayil ɗin. Amma tun da kwafi ake taɓawa, asalin yana nan lafiya, sai a sake kwafowa. Wanda yake rubuta shafukan intanet zai lura cewa wasu kalmomi sun fito da farin faci a bayansu, dalili kuwa kowane harshen kwamfuta yana da nasa layukan a cikin fayil ɗin; maganinsa ya danna Ctrl da H, ya sa a musanya kowane bgColor="FFFFFF" da bgColor="FDF6E3" a lokaci guda. In kuma an sauya nau'in harafi, to kafin a amince da shi a rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a gani, domin ba kowane nau'i ne yake ɗauke da su ba, kuma sunan manomi irin Ɗanladi ko Ƙasimu bai kamata ya fito da ɗan akwati a gurbin harafinsa na farko ba.

Hanyar kwafi tana da illa guda, kuma adalci ne a faɗe ta. Kwafin ya tsaya ne a kan yadda asalin yake ranar da aka kwafe shi, saboda haka in masu manhaja suka ƙara sabon harshe ko sabuwar alama bayan shekara biyu, mai yiwuwa ne nasa fayil bai san da su ba. Ga magatakardan albasa wannan ba komai ba ne. Ga mai rubuta umarnin kwamfuta kuwa, mustahabbi ne lokaci-lokaci ya buɗe stylers.model.xml da ke foldar manhaja, wanda sabuntawa take kawo sabonsa, ya kwafo layukan da suka ƙaru.

Fasali na biyar: Hanyar hashiya, a Visual Studio Code

Visual Studio Code ta kamfanin Microsoft ce, ta fito a 2015, kyauta ake saukar da ita, kuma ana sabunta ta a kai a kai, galibi ba tare da mai ita ya nema ba. Da a ce gyaran mutum yana cikin jikinta, da bai yi wata biyu a raye ba. Saboda haka aka ware masa fayil guda mai suna settings.json, a cikin AppData, foldar Code, sa'an nan User.

*Misali na biyu.* A ɗauka wata matashiya ce da ta yi karatu a Jami'ar Tawa, ta dawo Konni tana gina wa ƴan kasuwa shafukan intanet. Tana son Monokai, bayanin gefe kaɗai ne ba ta gani sosai da rana. Sai ta danna Ctrl da Shift da P, ta rubuta Open User Settings, ta zaɓi wanda yake ƙarewa da JSON, ta sa wannan:

```
{
  "workbench.colorTheme": "Monokai",
  "editor.tokenColorCustomizations": {
    "[Monokai]": {
      "comments": "#B8B49C"
    }
  }
}
```

Ma'anarsa ita ce: a yi aiki da Monokai yadda masu shi suka tsara, illa bayanin gefe, a ba shi launi B8B49C, wanda tazararsa a kan shimfiɗar Monokai ta kai wajen 7 ga 1. A nan ana sa alamar # kafin lambar, saɓanin Notepad++. Sunan tsarin da aka sa a tsakanin baka biyu, watau [Monokai], yana taƙaita hukuncin ga Monokai kaɗai, ta yadda in ta koma wani tsari mai farar shimfiɗa, launin nan mai haske ba zai bi ta can ya ɓace a kan fari ba. In shimfiɗar take so ta sauya, sai ta ƙara sashe mai suna workbench.colorCustomizations, ta sa editor.background a cikinsa. In fayil ɗin yana da waɗansu layuka tun da farko, kada a goge su. A ƙara sababbin a ciki, a raba kowane saiti da na bayansa da waƙafi.

Duk inda manhaja ta ba da wannan hanya, ita ce mafificiya, domin mai ita yana cin moriyar duk gyaran da masu tsarin za su yi nan gaba, nasa layukan kuma suna nan bisa kansu, ƴan kaɗan ne, yana iya karanta su ya tuna dalilin kowanne. Sublime Text ma tana da irinta, a folda mai suna User da ke cikin Packages.

Fasali na shida: Abin da foldar mai aiki ba ta karewa

Foldar mai aiki tana kare gyara daga sabuntawa, amma ba ta kare shi daga mai gyaran kwamfuta wanda ya shafe Windows ya zuba sabo, ko daga zafin bazara da ƙura da ɗaukewar wuta waɗanda suke kashe ma'ajiyar kwamfuta, ko daga ɓarawo. Fayil ɗin tsarin launi ƙarami ne ƙwarai, bai kai nauyin hoto guda na waya ba. A kwafe shi a filash, a aika wa kai wani kwafin ta imel, a kuma rubuta lambobin launin a littafin aiki da biro. Wanda zai cire Notepad++ da hannunsa ya karanta tambayar da take yi masa game da saitinsa kafin ya amsa, kada ya danna da gaggawa.

Wanda ba shi da kwamfutar kansa, yana aiki yau a wannan shago gobe a wancan, ko yana ƙetare iyaka zuwa Illelar Najeriya, wadda ba ita ce Illelarmu ta Adar ba, akwai masa Notepad++ ta tafi-da-gidanka, wadda ake saukewa a dunƙule cikin zip a warware ta a filash. A cikinta akwai ɗan fayil mai suna doLocalConf.xml, wanda yake umartar manhajar ta ajiye saiti a foldarta maimakon AppData. Tun da a nan kayan mai aiki da na manhaja suna wuri guda, sharaɗin suna ya ƙara nauyi, kuma ranar da aka sauko da sabuwar fitowa, a warware ta a sabuwar folda, a kwafo fayil ɗin tsari zuwa themes ɗinta, kana a goge tsohuwar. In kuwa kwamfutar ta ofis ce ko ta cibiyar yaƙi da jahilci, wadda mutane da yawa suke shiga da suna guda, to amana ce: a nemi izinin mai kula da ita, a ƙara tsari sabo da sunansa, a bar na jama'a yadda aka same shi.

Tambayoyin muraja'a

1. Mene ne tsarin launi? In ka aika wa wani fayil ɗin rubutu, zai gan shi da launinka ko da nasa? Kawo dalili.
2. Mai da waɗannan zuwa lambobin yau da kullum: FF, 80, 1A, E3.
3. Ba tare da duba kwamfuta ba, faɗi wanne ne ya fi duhu tsakanin 272822 da FDF6E3, kuma wane launi ne 00FF00.
4. Mece ce tazarar haske, kuma nawa ne haddin da aka yanke wa rubutu na yau da kullum?
5. Bayyana da kalmominka abin da sabuntawa take yi wa foldar manhaja.
6. Wani mai shagon buga takardu a Tsarnawa ya gyara Monokai.xml a cikin Program Files, bayan sabuntawa gyaran ya ɓace, sai ya yanke cewa ba zai ƙara sabunta manhajar ba. Ina kuskurensa na farko, ina na biyu? Wace shawara za ka ba shi?
7. Kawo fa'ida guda da illa guda ta hanyar kwafi, sa'an nan ka faɗi abin da ya sa aka fifita hanyar hashiya.
8. Me ya sa ake sa sunan tsari a tsakanin baka biyu a cikin settings.json?
9. Ambaci abubuwa uku da suke iya halaka foldar mai aiki.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya kwafi stylers.xml, ya ba shi sunan garinsu, ya sauya launin shimfiɗa da girman harafi, ya rubuta jimla guda mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ya tabbata sun fito. A zo da fayil ɗin a filash ranar darasi na gaba, da lambobin launin a rubuce a littafi, domin kowa zai sa nasa a kwamfutar aji a gaban malami.